Mayot da Komoros: 'yan'uwan juna, amma doka ta raba musu gida

Idan ka ɗauki taswira ka duba tsakanin Mozambik da Madagaska za ka ga wasu tsibirai guda huɗu a jere cikin teku, Ngazija da Anjuwan da Mwali da Mayot. Mutanensu Musulmi ne kusan dukansu, harshensu dangin Suwahili ne, suna auratayya tun kaka da kakanni. Amma yau ukun farko ƙasa ce mai cin gashin kanta wato Komoros, da tutarta da shugabanta da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kuwa Mayot yanki ne na Faransa, kuɗinta yuro, shugabanta yana Faris. Tsakanin Anjuwan da Mayot kilomita 70 ne kacal. To me wannan bambancin yake nufi a doka, ga mutumin da aka haifa a nan da wanda aka haifa a can?

Sai an ɗan koma baya kafin a gane. Faransa ta fara mallakar Mayot ne tun 1841 lokacin da sarkin wurin Andiriyantsoli ya miƙa mata tsibirin da yarjejeniya, sauran ukun kuwa sai 1886 suka shiga hannunta. Da zamanin neman 'yanci ya zo aka yi ƙuri'ar raba gardama ran 22 ga Disamba 1974. Idan ka haɗa ƙuri'un tsibiran huɗu gaba ɗaya kusan kashi 95 cikin ɗari sun ce a ba mu 'yanci, amma idan ka ware Mayot ita kaɗai, sama da kashi 60 cikin ɗari sun ce a'a mu dai a bar mu da Faransa. Kuma fa ba haka kawai suka ƙi ba, an riga an ɗauke hedikwata daga Zawudzi ta Mayot an mai da ita Moroni da ke Ngazija, ayyukan gwamnati suka bi ta, mutanen Mayot suka ga alamar cewa idan aka samu 'yanci manyan tsibirai za su danne su. Har akwai mata da suka yi suna a lokacin, a ƙarƙashin wata Zena Mdere, waɗanda idan ɗan siyasa mai ra'ayin ɓallewa daga Faransa ya sauka tsibirin sai su kewaye shi su yi ta yi masa cakulkuli har ya rasa numfashi ya gudu, don sun san doka tana hukunta dukan mutum amma ba ta ce komai kan cakulkuli ba.

A nan rikicin dokar yake, kuma har yau ba a warware shi ba. Wace ƙuri'a za a ƙirga, ta jimilla ko ta tsibiri-tsibiri? Komoros da Tarayyar Afirka da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce ƙa'idar kawo ƙarshen mulkin mallaka ita ce yanki ya samu 'yanci da iyakokinsa yadda suke, ba a yanka shi a ɗauki inda ake so. Shi ya sa da shugaban gwamnatin tsibiran Ahmed Abdallah ya ayyana 'yanci ran 6 ga Yuli 1975, Majalisar ta karɓi Komoros a watan Nuwamban shekarar a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu. Faransa kuwa ta kafa hujja da sashe na 53 na kundin tsarin mulkinta, wanda ya ce ba a sallama wani yanki sai da yardar mutanen da abin ya shafa, ta ce mutanen Mayot ba su yarda ba, shi ke nan. A Fabrairun 1976 ta sake yin wata ƙuri'ar a Mayot kaɗai, kashi 99 suka ce Faransa, da aka kai maganar Kwamitin Sulhu kuma ta hau kujerar na-ƙi. Ni dai a ganina hujjar Komoros ta fi ƙarfi a dokar ƙasa da ƙasa, don da a ce haka aka yi wa kowace ƙasar Afirka, mai mulkin mallaka ya ƙirga ƙuri'a gunduma-gunduma ya riƙe wadda ta yi masa, da ba a san inda za a tsaya ba. Amma kuma ba zan yi kamar ban ga cewa mutanen Mayot sun maimaita zaɓinsu sau da yawa ba, kuma su ma mutane ne masu baki. Tutar Komoros har gobe taurari huɗu gare ta.

To yanzu mene ne matsayin Mayot ɗin? Faransa tana da yankunan ƙetare iri biyu manya. Akwai na sashe na 74 na kundin tsarin mulki, su dokar Faris ba ta hawa kansu kai tsaye a fannoni da yawa, suna da ɗan ikon tsara nasu. Akwai kuma na sashe na 73, su duk dokar da majalisa ta yi a Faris ta hau kansu, sai dai a ɗan gyara ta saboda yanayin wurin. Mayot ta daɗe tana rataye a tsakiya, sai a 2009 aka yi ƙuri'a kashi 95 suka zaɓi shiga sashe na 73, ran 31 ga Maris 2011 ta zama departama ta 101, kamar a ce cikakkiyar jiha ta Faransa, a 2014 kuma ta shiga cikin Tarayyar Turai. Ma'ana ɗan Mayot Bafaranshe ne cikakke, fasfonsa ɗaya da na mutumin Faris, zai iya tashi ya je Jamus ko Sifen ya zauna ya yi aiki ba biza, yana zaɓen shugaban ƙasa, yana da 'yan majalisar wakilai biyu da sanatoci biyu. Albashin malaman makaranta da 'yan sanda da likitoci daga baitulmalin Faransa yake fitowa.

Amma abin ba kyauta ba ne, kuma wannan ɓangaren mutane ba su cika faɗa ba. Kafin a shigar da su sai da aka taɓa dokar iyali. A da alƙalan Musulunci, kadi suke ce musu, su ke ɗaura aure su raba gado su yanke hukunci kuma gwamnati ta san da su. Dokar 2010 ta karɓe musu ikon shari'a, suka koma masu sasanci da ba da shawara, aka hana ɗaura sabon aure da mace fiye da ɗaya a hukumance, aka hana miji ya yi saki shi kaɗai da bakinsa, sai dai a je kotu. A Komoros kuwa Musulunci yana cikin kundin tsarin mulki, kadi yana nan da aikinsa a harkar aure da gado, kuma idan za a canza wannan 'yan majalisar Moroni ne za su canza. Wannan shi ne ainihin bambancin yanki da ƙasa, wa yake riƙe da alƙalamin. 'Yan majalisar Mayot biyu ne cikin 577, ko sun yi ihu ƙuri'a biyu ce.

Sannan wannan kalmar ta "a ɗan gyara saboda yanayin wurin" ita ce ƙofar da ake bi a rage musu. Mafi ƙarancin albashi a Mayot bai kai na cikin Faransa ba, tallafin da ake ba marasa aikin yi kusan rabi ne, alhali hukumar ƙididdiga ta Faransa da kanta ta ce kashi 77 cikin ɗari na mazauna tsibirin suna ƙasa da layin talauci. A 2023 ruwan famfo ya zama sai a yi kwana biyu ba a gan shi ba, guguwar Shido kuma da ta zo ran 14 ga Disamba 2024 ta share unguwannin gidajen kwano kamar ba a taɓa gina su ba. Mayot ce jiha mafi talauci a Faransa. Amma duk da haka idan ka kwatanta da Anjuwan, a nan akwai asibiti kyauta-kyauta da makaranta da albashin yuro, kuma shi ya sa mutane ke shiga teku.

Kafin 1995 mutum yana tashi daga Anjuwan ya je Mayot biki ko jinya ko gaida dangi ba mai tambayarsa takarda. Ran 18 ga Janairu 1995 gwamnatin firaministan Faransa Edouard Balladur ta sa biza. Daga ranar wanda zai je ganin kawunsa ya zama baƙon haure. Bizar tana da wuyar samu, sai mutane suka koma kwasa-kwasa, ƙaramin jirgin kamun kifi ne mai inji a baya wanda aka yi don mutum kaɗan amma a cusa masa talatin ko fiye, da mata masu ciki da marasa lafiya, a tashi da dare a kashe fitila don kar jirgin sintiri ya gani. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 sun mutu a wannan mashigin tun da aka sa bizar. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan adadin sai jikina ya yi sanyi, a tazarar kilomita 70 tsakanin mutanen da kakanninsu ɗaya.

Ga kuma maganar jariri. A cikin Faransa yaron da baƙi suka haifa yana zama ɗan ƙasa idan ya kai shekara 18 muddin ya zauna a ƙasar shekara biyar tun daga shekara 11. A Mayot an ƙara sharaɗi na musamman, dokar 2018 ta ce sai ɗaya daga iyayen yana da takardar zama ta halal ta fiye da wata uku kafin haihuwar, a 2025 kuma aka tsananta, sai iyayen duka biyu kuma shekara guda. Ka ɗauki yarinyar da aka haifa a asibitin Mamudzu, babban birnin Mayot, uwarta ta zo a kwasa-kwasa ba takarda, ta yi firamare da sakandare da Faransanci, ba ta taɓa taka Anjuwan ba, ranar da ta cika 18 sai ta wayi gari baƙuwa ce a garin da aka yanke mata cibiya. Kuma ko baƙo ya samu takardar zama a Mayot, yawanci a Mayot kaɗai take aiki, ba za ka hau jirgi da ita ka tafi Marsel ta cikin Faransa ba sai da wani izinin. Kusan rabin mazauna tsibirin baƙi ne a ido na doka, kuma kusan duk shekara ana mayar da mutum kimanin dubu ashirin.

Ita Komoros me 'yancin ya ba ta? Ya ba ta murya. Tana cikin Tarayyar Afirka da Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, shugabanta Azali Assoumani ya shugabanci Tarayyar Afirka a 2023, tana ƙulla yarjejeniya da wanda ta ga dama. A Afrilun 2023 da Faransa ta fara samamen Wuambushu na rusau da kora a Mayot, Komoros ta hana jirgin da ya kwaso korarrun tsayawa a tashar Anjuwan na wani lokaci, ta ce ba za a kori mutum daga ƙasarsa zuwa ƙasarsa ba, wannan abu ne da ƙasa ce kaɗai za ta iya yi. Amma murya ba ta biyan albashi. Wata ɗaya bayan 'yanci aka kifar da Ahmed Abdallah, an yi juyin mulki ko yunƙurinsa kusan ashirin, da hannun sojan haya Bob Denard a wasu daga ciki. A 1997 Anjuwan da Mwali suka ɓalle, Anjuwan ma har ta roƙi Faransa ta sake karɓarta, Faransa ta ƙi. Sai da aka yi sabon kundi a 2001 mai karɓa-karɓar shugabanci tsakanin tsibirai kafin abin ya lafa, a 2008 kuma sai da sojojin Tarayyar Afirka suka sauka Anjuwan. Kuɗin ƙasar ma, faran na Komoros, a ɗaure yake da yuro da garantin baitulmalin Faransa, kusan faran 492 a yuro ɗaya, kuma babban abin da ke riƙe gidaje shi ne kuɗin da 'yan ƙasar mazauna Faransa ke aikowa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan tsarin ya haɗa talaka da talaka faɗa. Ɗan Mayot yana ganin ajin ɗansa ya cika har ana karatu safe da yamma bi da bi, asibiti ba gado, sai ya ɗora laifin kan ɗan Anjuwan, shi kuma ɗan Anjuwan yana ganin ƙasar kakanninsa ya zo. Waɗanda ke da ikon sassauta bizar ko daidaita tallafin suna Faris, waɗanda ya kamata su gina asibitin da zai hana mai ciki shiga kwasa-kwasa suna Moroni, kuma gwamnatocin biyu sun sa hannu a wata yarjejeniya a 2019 inda Faransa ta yi alƙawarin yuro miliyan 150 na raya ƙasa, Komoros kuma ta ɗauki nauyin tare jiragen tun daga gaɓarta. Maganar wa ke da Mayot kuwa ba su taɓa ta ba a takardar.