Shin sinadarin da jiki ke samarwa ba ya cutarwa?

An daɗe ana cewa magungunan feftayid ba su da illa, tunda jiki ma yana samar da irinsu, kuma wai suna ƙara garkuwar jiki da tsawon rai. Maganar tana da tushe, domin feftayid gajerun sarƙoƙi ne na sinadaran da ke gina furotin.

Sai dai insulin, sinadarin da jiki ke samarwa don daidaita sugan jini, shi ma daga wannan dangi yake. Tun 1922 ake ceton masu ciwon suga da shi, amma idan allurarsa ta wuce ƙima, sugan jini yakan faɗi, gumi ya karyo wa mutum, hannuwansa su kama karkarwa, wani lokaci har ya suma. Batun tsawon rai kuwa, yawancin gwajin a kan dabbobi aka yi, ba a tabbatar da shi a kan mutane ba.

Kafin a saya, a duba lambar rajistar hukumar kula da magunguna a jikin kwalin, sannan a tambayi likita wace cuta aka amince a magance da shi. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.