Sikuta mai lantarki

Sikuta mai lantarki ƙaramin abin hawa ne mai ƙafa biyu wanda batir ke tuƙa injinsa maimakon fetur, kuma an ƙera shi ne domin gajerun tafiye-tafiye na cikin gari. Iri biyu ne. Akwai na tsayuwa, wanda mutum ke taka faifansa ya riƙe kan, a naɗe shi idan an isa. Akwai kuma na zama, mai kama da babur ɗin da ake kira roba-roba. Siffar ta tsayuwa ba sabuwa ba ce, domin tun shekarar 1915 aka fara sayar da Autoped a birnin New York, sai dai shi da fetur yake aiki. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne arahar batirin litiyam, da kuma kamfanonin haya irin su Bird, wanda ya fara zuba sikutoci a titunan Santa Monica ta jihar Kalifoniya a 2017.

Nisan da sikuta ke iya ci da caji ɗaya ya dogara ne ga yawan wutar da batirinsa ke ɗauka, wadda ake aunawa da wat-awa. Samfurin Xiaomi M365, wanda ya fi kowanne yaɗuwa a farkon wannan kasuwa, yana da batir mai wat-awa 280, nauyinsa kilo 12.5, gudunsa bai wuce kilomita 25 a awa ba, kuma kamfanin ya ce yana cin kilomita 30. Sai dai irin wannan lissafi ana yin sa ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da mahayi marar ƙiba, cikin matsakaicin gudu. Da zarar an haɗu da hawa, ko iska ta fuskanto mutum, ko taya ta yi sanyi, nisan yakan ragu sosai, shi ya sa wanda ya san kan abin yakan cire kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta a kwali kafin ya tsara tafiyarsa. Sikutocin zama, irin waɗanda Ather da TVS da Bajaj ke ƙerawa a Indiya, batirinsu ya ninka wannan kusan sau goma, saboda haka suna cin dogon zango.

Caji ba ya buƙatar wani wuri na musamman. Soket ɗin gida ya wadatar, kuma ƙaramin sikuta yakan cika cikin kimanin awa biyar. Inda hankali ya kamata ya koma shi ne lafiyar batirin. Zafi yana tsufar da litiyam, haka ma barin sa ya mutu ƙurmus, kuma bayan an caja shi sau ɗaruruwa ƙarfinsa yakan fara ja da baya. Jabun caja ko batirin da ya bugu na iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa, dalilin da ya sa hukumar sufurin Landan ta hana shiga jiragen ƙasa da motocinta da sikuta tun Disamban 2021. A Taiwan kamfanin Gogoro ya bi wata hanya tun 2015: mahayi yana tsayawa a tasha, ya zare batirin da ya ƙare ya zura cikakke, ya wuce cikin ƙasa da minti ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, wutar ce mafi arha a cikin lamarin, tunda cika batirin M365 bai kai sulusin yunit ɗaya na mita ba. Nauyin yana kan kuɗin saye da na sauya batir, wanda shi ne sashe mafi tsada a jikin na'urar. Haya kuwa ta fara ne a Amurka da dala ɗaya ta buɗewa da santi 15 kowane minti, farashin da bai riƙe kasuwar ba, har Bird ya bayyana karyewarsa a Disamban 2023.

Dokoki sun sha bamban. Jamus ta halatta na tsayuwa a Yunin 2019 bisa sharaɗin inshora da gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba, yayin da mazauna Paris suka kaɗa ƙuri'ar korar na haya a Afrilun 2023. A Najeriya, cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya jawo hankali ga ababen hawa masu lantarki, amma ƙarancin wuta da yanayin hanya suna taka wa na tsayuwa birki, domin tayar da girmanta bai wuce inci takwas da rabi ba ba ta jure rami ko yashi. Shi ya sa kamfanonin da suka shiga Afirka, irin su Ampersand a Kigali da Spiro a Kwatano, suka karkata ga manyan baburan 'yan acaɓa masu musayar batir.