Shiga Jerin Sunayen Nobel Ba Karramawa Ba Ce

Duk shekara sai an ji magoya bayan wani shugaba ko ɗan fafutuka suna shelar cewa gwaninsu ya shiga takarar kyautar zaman lafiya ta Nobel, har da taya murna kamar an riga an rataya masa lambar. Jama'a da dama sun ɗauka kwamitin da ke ba da kyautar ne da kansa ya zaƙulo shi. Ba haka abin yake ba.

Kwamitin, mai mutum 5 da majalisar dokokin Norway ke naɗawa, karɓar sunaye yake yi daga waje. Ɗan majalisar dokoki na kowace ƙasa, ko minista, ko farfesan tarihi ko shari'a, na iya aika sunan wanda ya ga dama kafin ƙarshen Janairu. Takarda ɗaya ta isa. Shi ya sa a 'yan shekarun nan sunayen kan haura 300.

A 1939 wani ɗan majalisar Sweden ya aika sunan Hitler don ba'a, da abin ya tayar da ƙura ya janye. An aika sunan Stalin, shugaban kama-karya na Tarayyar Soviet, a 1945 da 1948. Gandhi kuwa sau 5 ana gabatar da shi, har ya bar duniya bai samu ba.

Ga kuma inda gizo ke saƙar: kwamitin ba ya bayyana sunayen sai bayan shekara 50. Saboda haka duk labarin takara da ka ji, daga bakin mai aikawa ya fito, ko daga 'yan kanzagi, kuma kwamitin ba zai gaskata ko ƙaryata shi ba.