Binciken Girgiza a Neman Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Binciken girgiza dabara ce da masana ilimin ƙasa ke bi don sanin shimfiɗun da ke ƙarƙashin fili kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Bajamushe Ludger Mintrop ne ya yi mata rajista a 1919, kuma a neman man fetur ta fara yin suna.

Ana soka na'urorin sauraro da ake kira jiyofon a ƙasa, jere a layi ɗaya, galibi 12 ko 24, sannan a ajiye faifan ƙarfe a maka masa guduma. Girgizar sai ta nutsa. Idan ta tarar da shimfiɗa mai tauri, sai ta bi samanta a guje tana dawowa sama, na'ura kuma tana rubuta lokacin isowarta ga kowane jiyofon. Da wannan ake lissafa gudun girgizar da zurfin kowace shimfiɗa. A busasshiyar ƙasa gudun bai cika kai mita 1,000 a daƙiƙa ba. A yashin da ya ƙoshi da ruwa yakan kai 1,500 zuwa 2,000. A lafiyayyen dutse kuwa ya haura 5,000.

Alal misali, Kaduna tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri wanda shi kansa ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana kwance cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma tsagoginsa, shi ya sa wani gida kan samu ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Abin da ake nema shi ne inda ruɓaɓɓen ya yi kauri, ko inda gudun ya ragu cikin dutsen, alamar tsaga.

Sai dai dabarar na da makanta. Inda marmara ta rufe ƙasa mai laushi, abin da ya zama ruwan dare a yankin, shimfiɗar da ke ƙasanta takan ɓuya, lissafin zurfi ya karkace. Jiƙaƙƙen yumɓu ma yakan yi gudu irin na jiƙaƙƙen yashi, alhali ba ya sakin ruwa. Ga ƙugin janareto da tireloli a cikin gari, wanda ke rikita abin da jiyofon ke ji. Don haka akan haɗa ta da awon lantarki, wato auna yadda ƙasa ke tsare wutar lantarkin da aka tura cikinta, wanda ya fi yaɗuwa a Najeriya. Yawan ruwan da rijiya za ta bayar kuwa, sai an haƙa an yi gwajin famfo.

Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, wadda aka kafa a 1979, tana horar da ma'aikata kan neman ruwan ƙasa da haƙar burtsatse.