Waiwaye: kotunan gandu na Ingila da ikon da ya rage musu

A ƙauyen Laxton da ke gundumar Nottinghamshire a Ingila, duk shekara a watan Nuwamba wasu manoma da aka rantsar sukan fita da guduma da turaku su zaga ɗaya daga cikin manyan filayen noma uku na ƙauyen. Babu shinge tsakanin gonakin, domin kowane manomi yana da 'yan siraran gonaki ne a warwatse cikin na maƙwabtansa, saboda haka turakun nan su ne shaidar iyaka. Inda suka tarar garma ta ci gefen hanyar ciyawa, ko wani ya bar magudanar ruwa ta toshe, sai su rubuta sunansa. Bayan 'yan kwanaki kotu ta zauna a gidan saukar baƙi na ƙauyen mai suna Dovecote, ta ci mai laifi tara, kuma tarar tana da ƙarfin doka.

Asalin wannan kotu yana komawa ne ga tsarin gandu na zamanin da, wanda ya riga ya kafu tun kafin ƙidayar ƙasa da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Gandu yanki ne da ke hannun ubangida guda, talakawan da ke zaune a kansa suna biyansa da kuɗi ko amfanin gona ko aikin ƙarfi. Kotu iri biyu aka fi sani. Ta farko, wadda Turawa ke kira court baron, ta shafi harkar ubangida da masu riƙe da gonakinsa: gado, sauya hannun gona, ƙananan basussuka da ƙa'idojin kiwo. Ta biyu, court leet, iko ne na sarki da aka ara wa ubangida, don haka ita ce ke hukunta faɗa da ƙananan laifuka, ta naɗa ɗan doka da mai kama dabbobin da suka yi ɓarna, har da masu duba nauyin burodi da ingancin giya a kasuwa. Ba ubangidan ke zama da kansa ba. Wakilinsa ne ke jagorantar zaman, mutanen gari da aka rantsar kuma su ne ke gabatar da laifi, wanda ya sa kotun ta fi kama da taron dattawan unguwa fiye da zauren alƙali.

Ikon bai tafi a rana ɗaya ba. Dokar Sarki Edward na Ɗaya ta 1290 ta toshe hanyar ƙirƙiro sababbin gandaye, annobar 1348 ta sa ma'aikata suka yi ƙaranci har aikin tilas ya fara gushewa, alƙalan sulhu na sarki kuma suka karɓe shari'ar laifuka sannu a hankali. Abin da ya fi kashe kotunan shi ne killace filaye da aka yi a ƙarni na 18 da na 19, domin da zarar kowa ya kewaye gonarsa, ba sauran abin da za a taru a sasanta. Dokar mallakar ƙasa ta 1922, wadda ta fara aiki a 1926, ta soke riƙon gona irin na gandu, sannan dokar 1977 ta ƙwace ikon shari'a daga hannun kotunan, ta bar wasu da ta lissafa su ci gaba da ayyukansu na al'ada. Laxton aka keɓe aka bar mata ikonta, saboda ba a taɓa gama killace filayenta ba.

Kotunan da suka rage kashi biyu ne, kuma a ganina bai kamata a haɗa su ba. Akwai irin ta Danby a arewacin Yorkshire, wadda har yanzu take lura da makiyayar jama'a da masu neman cin iyakarta. Akwai kuma irin ta Wareham da Henley-in-Arden, inda ake sa tufafin da, a zaga gari ana ɗanɗana giya ana auna burodi, abin da ya fi kusa da bikin gargajiya.

Shi kansa laƙabin ubangidan gandu ya zama haja, ana sayar da shi ba tare da ko taƙi ɗaya na ƙasa ba, kuma ba ya mai da mai saye ɗan majalisar dattawan Birtaniya, wato House of Lords. A 1996 dangin Spencer, wani gidan masu sarauta, suka sayar da laƙabin gandun Wimbledon da ke London a kan fam 171,000. Sai dai wasu haƙƙoƙi na gaske suna nan a kan filayen da suka taɓa zama na gandu, musamman na ma'adinan ƙarƙashin ƙasa da na farauta da kamun kifi. Dokar rajistar filaye ta 2002 ta ba masu su wa'adi zuwa Oktoban 2013 su yi rajista ko su yi kasadar rasa su idan fili ya sauya hannu. Wannan ya sa dubban masu gidaje a wurare irin su tsibirin Anglesey da garin Welwyn Garden City suka wayi gari da takardar sanarwa cewa wani yana da'awar abin da ke ƙarƙashin gidajensu, kokensu kuma ya kai ga kwamitin shari'a na majalisar dokoki, wanda ya fitar da rahotonsa a 2015.