Ƙananan tallafin kare muhalli: wa ake ba, me ake dubawa?

Wane irin kuɗi ne wannan? Bashi ne?

Ba bashi ba ne, kyauta ce mai sharaɗi. Ana ba ƙungiyoyin al'umma domin su gyara wata matsalar muhalli da ta dame su. Fitaccen misali shi ne shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda aka fara a 1992, shekarar babban taron muhalli na Rio de Janeiro. Hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar da shi a ƙasashe sama da 120. A baya, an yi shekaru da dama iyakar abin da aiki ɗaya ke samu dala 50,000 ne, yawanci ma kusan rabin haka.

Mutum ɗaya zai iya nema?

A'a. Ƙungiya ake ba, kuma galibi sai mai rajista da asusun banki da sunanta.

Wa ke zaɓen waɗanda za su samu?

A shirin GEF, kowace ƙasa tana da kwamitinta, mafi yawan mambobinsa ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kuma aikin sa kai suke yi. Akwai jami'in shirin na ƙasa, wanda ya kamata a fara tuntuɓa da gajeren bayani kafin a ɓata dare ana rubuta doguwar takarda.

To me ke kayar da masu nema?

Nan ne ake yin ta. Ƙungiya za ta rubuta cewa za ta dasa itatuwa dubu goma, ta yi shiru. Mai dubawa kuwa tambayarsa daban: filin na wa ne? Wa zai yi ban-ruwa idan rani ya tsananta? Wa zai hana dabbobi cinye tsiron? Itace nawa za a tarar a raye bayan shekara biyu? A ganina, takardar da ta yi alkawarin dubu ɗaya tare da shinge da masu kula da takardar amincewar mai fili ta fi ta dubu goma ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai kuma rashin haɗa aikin da abin kaiwa bakin salati. Ka hana mutane sare daji ba ka ba su murhu mai tsimin itace ko kiwon zuma ba, ranar da kuɗi ya ƙare gatari zai dawo. Kuma idan mata ne ke ɗebo ruwa da itace amma babu ko ɗaya a kwamitin aikin, mai dubawa zai lura.

Dole ne mu ma mu sa namu kuɗin?

Ana son gudummawarku, amma ba lallai tsabar kuɗi ba. Aikin ƙarfi, fili, kayan aiki, duk ana ƙiyasta su a saka cikin kasafi.

Kuɗin gaba ɗaya ake turowa?

Kashi-kashi ne. Sai an kai rahoto da rasit na kashin farko a saki na biyu, don haka ma'aji mai adana takarda ya fi shugaba mai iya jawabi amfani a nan. Shirin GEF ba ya sayar da fom, duk wanda ya ce ku biya ya shigar da sunanku, ɗan damfara ne.