Waiwaye: Harajin da Aka Yafe a 1943 da Rigimar Inshorar Lafiya a Amurka

Ranar 1 ga Oktoba, 2025, gwamnatin tarayyar Amurka ta rufe ma'aikatunta da dama, ba a sake buɗe su ba sai bayan kwana 43. Ba a taɓa rufewa mai tsawon haka ba kafin nan. Babban abin da ya hana 'yan majalisa daidaitawa a kan kasafin kuɗi shi ne ƙarin tallafin da ake ba masu sayen inshorar lafiya da kansu, wanda aka fara a 2021, aka tsawaita a 2022, aka sa wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2025. A 2025 mutum fiye da miliyan 20 ne suka ci moriyarsa. Ɓangare ɗaya na cewa in an janye shi iyalai da yawa za su daina zuwa asibiti. Ɗaya ɓangaren na cewa gumin masu biyan haraji ne ake rabawa, alhali bashi ya yi wa baitulmali katutu.

Masu bin labarin daga nesa kan ɗauka cewa wutar ta tashi ne a 2009, lokacin da masu ra'ayin riƙau suka cika tituna da sunan Tea Party suna adawa da shirin lafiya na Shugaba Obama. Garwashin ya daɗe a ƙarƙashin toka kafin wannan shekara.

Abin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. A Disamba 1773 mutanen Boston suka zubar da akwatin ganyen shayi 342 a teku don ƙin harajin da Ingila ta ɗora musu ba tare da suna da wakili a majalisarta ba, kuma daga nan ne 'yan zanga-zangar 2009 suka aro suna. A 1935 aka kafa dokar fanshon tsofaffi, aka bar inshorar lafiya a waje. A 1945 Shugaba Truman ya nemi a yi inshora ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka kira shirin da gurguzu, ya mutu a majalisa, daidai zamanin da Birtaniya ke shirin buɗe asibitocinta kyauta ga kowa a 1948. Sai a 1965 aka samu Medicare don masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid don marasa ƙarfi.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne tsakanin 1942 da 1954, kuma a nan ne aka ɗaure ƙullin da har yau ake fama da kwancewa.

Bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarshen 1941, miliyoyin samari suka tafi fagen daga, masana'antu kuma suna ƙera jiragen ruwa da tankokin yaƙi ba dare ba rana. Ma'aikata suka yi ƙaranci. Kowane kamfani sai ya ƙara albashi don ya janye na maƙwabcinsa, farashin kaya kuma yana bin albashi a guje. Don a taka wa hauhawar farashi birki, a Oktoba 1942 aka yi dokar da ta ɗaure albashi: ba mai ƙarawa sai da izini. To, mai masana'antar da ke neman mai walda ɗari, kuma an hana shi ƙara ko santi ɗaya a kan kuɗin awa, da me zai rinjaye su? Akwai wata dabara da ta riga ta fara tsiro. Tun 1929 wani asibiti a Dalas, jihar Teksas, ya ƙulla yarjejeniya da malaman makaranta: kowa ya zuba santi 50 a wata, in ciwo ya kwantar da shi yana da kwana 21 a gadon asibiti ba tare da biyan komai ba. Irin wannan zubi ne kamfanoni suka fara biya wa ma'aikatansu. A 1943 aka yanke cewa wannan ba albashi ba ne, don haka dokar ɗaure albashi ba ta shafe shi ba. A shekarar dai aka yanke cewa ma'aikaci ba zai biya haraji a kan kuɗin da kamfani ya zuba masa na inshorar rukuni ba.

Matakai ne na wucin gadi, na mutanen da yaƙi ke gabansu. Ba wanda ya zauna ya tsara cewa ta haka Amurka za ta riƙa kula da lafiyar jama'arta. Amma da yaƙi ya ƙare abin ya riga ya yi saiwa. A ƙarshen shekarun 1940 aka tabbatar wa ƙungiyoyin ƙwadago cewa suna da ikon sa irin waɗannan alawus a teburin ciniki da kamfanoni, kuma a 1950 ma'aikatan ƙera motoci na Detroit suka samu yarjejeniyar shekara biyar da ta haɗa da biyan rabin kuɗin inshorarsu. A 1954 aka shigar da yafewar cikin kundin dokar haraji, ta zauna daram. A 1940 waɗanda ke da inshorar asibiti ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Zuwa 1950 sun kai kusan rabin ƙasar.

Ga yadda lissafin yake a aljihun mutum ɗaya. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki ya kai kimanin dala 25,500 a shekara. Ana cire wa ma'aikaci wajen dala 6,300 daga albashinsa, kamfani ya cika sauran. Yawanci duka biyun ba a taɓa su da haraji. Ɗauki ma'aikacin da harajin kuɗin shigarsa ke kan matakin kashi 22, ga kuma kashi 7.65 na fansho da Medicare da ake cirewa daga albashi. Da a ce wannan dala 25,500 a hannu aka ba shi, da hukuma ta karɓi sama da dala 7,500. An bar masa. Wanda ke matakin kashi 12 abin da aka bar masa bai wuce dala 5,000 da 'yan kai ba, wato mai babban albashi ya fi samun rangwame. Mai wanke kwanuka a ƙaramin gidan abinci, wanda maigidansa ba ya ba da inshora, bai samu komai ba, kuma kafin 2014 in zai saya da kansa sai da kuɗin da aka riga aka cire wa haraji.

Wannan rangwame tallafi ne na gwamnati kamar kowane tallafi, domin kuɗin da baitulmali ya yafe daidai yake da kuɗin da ya fitar. Bambancinsa shi ne ba ya zuwa da takarda mai hatimin hukuma. Mutum miliyan 150 da ɗoriya ke cikin wannan tsari, kuma mafi yawansu da zuciya ɗaya suke cewa guminsu ne ya saya musu inshora, ba su karɓi ko sisin gwamnati ba. Suna da rabin gaskiya, don masana tattalin arziki sun daɗe da nuna cewa kason da kamfani ke biya daga albashin ma'aikaci yake fitowa, ƙarin da ya kamata ya gani ne aka karkatar. Sai ranar da aiki ya kuɓuce mutum ke ganin ainihin farashi. Doka ta ba shi damar riƙe inshorar har wata 18, amma shi zai biya duka, har da ƙarin kashi 2 na hidima. Wanda ya saba ganin dala 500 tana fita a wata sai ya ga takardar sama da dala 2,000, a lokacin da ba albashi. Shi ya sa ake samun mai ciwon sukari ya maƙale wa aikin da ya gundure shi shekara da shekaru.

Babban abin da tsarin ya haifar shi ne raba ƙasa gida biyu. Masu aiki a manyan kamfanoni an rufa musu asiri da tallafin da ba a gani. Tsofaffi, matalauta, masu sana'ar hannu da ma'aikatan ƙananan shaguna kuwa, in za a taimake su sai da shirin da ke da suna, da kasafi, da harajin da kowa zai karanta a jarida. Tun daga nan duk mai son gyara sai ya je wurin waɗanda suka riga suka samu ya ce su kawo, su kuma suna jin cewa ba wanda ya taɓa ba su.

Da ƙyamar haraji ta zama ƙungiya, a wannan tsagi ta shiga. A Yuni 1978 masu zaɓe a Kalifoniya, kusan kashi biyu cikin uku, suka amince da ƙudurin da ya ƙayyade harajin gida a kashi 1 na darajarsa, ya hana darajar da ake lissafi da ita tashi fiye da kashi 2 a shekara. Jihohi da dama suka bi sahu. Shekara goma bayan haka aka ga gwajin da ya kamata a riƙa tunawa. A 1988 aka yi dokar kare tsofaffi daga kuɗin doguwar jinya, da goyon bayan jam'iyyu biyu. Aka ce tsofaffin ne za su biya, masu hali a cikinsu da ƙarin harajin da zai iya kai dala 800 a shekara. Da yawa daga cikin masu halin nan sun riga suna da irin wannan kariya daga kamfanonin da suka yi wa aiki, sai suka ga ana karɓar kuɗinsu a kan abin da suke da shi. A Agusta 1989 tsofaffi suka kewaye motar wani babban ɗan majalisa a Shikago suna ihu, aka nuna a talbijin. Kafin shekara ta ƙare an soke dokar. Shirin gwamnatin Clinton na 1993 ma tsoro iri ɗaya ne ya kayar da shi, tsoron masu inshora cewa za a taɓa musu tasu.

Saboda haka 2009 ta tarar da ƙasa a jiƙe. An ware dala biliyan 700 don ceto bankuna a 2008, an ƙara dala biliyan 787 na farfaɗo da tattalin arziki a Fabrairu 2009, mutane na rasa gidaje da ayyuka. Ranar 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, aka yi gangami a ɗaruruwan garuruwa. A watan Agusta 'yan majalisa suka koma mazaɓunsu, zaurukan taro suka rikiɗe zuwa fagen cacar baki. A wani taro irin wannan, a Karolina ta Kudu, wani mutum ya miƙe ya ce gwamnati ta cire hannunta daga Medicare ɗinsa. An yi ta yi masa dariya, tunda Medicare shirin gwamnati ne. Amma mutumin ya shekara da shekaru yana ganin kashi 1.45 na fita daga albashinsa da sunan Medicare, don haka a wurinsa ajiya ce ya yi. Damuwarsa ta gaske ce, kuma irinta ce ta cika zaurukan nan.

Dokar da aka sa wa hannu ranar 23 ga Maris, 2010, wadda ake kira Obamacare, ta wuce Majalisar Wakilai da ƙuri'a 219 da 212. Ba ta rushe inshorar wurin aiki ba, gini ta yi a gefenta, a kan duwatsu uku kamar murhu. Kamfanin inshora ba zai ƙi mutum don yana da tsohon ciwo ba. Kowa dole ya saya ko ya biya tara, wadda ta kai dala 695 ko kashi 2.5 na kuɗin shiga a 2016. Mai ƙaramin ƙarfi kuma a tallafa masa. Dalilin dutse na biyu shi ne, in an hana korar marasa lafiya kuma ba a tilasta wa masu lafiya shiga ba, mutum zai jira sai ciwo ya zo, asusu ya cika da masu cirewa, farashi ya tashi, sauran masu lafiyar su fice. Jihar Washinton ta ɗanɗana haka a shekarun 1990. Wannan tilas ɗin ce ta fi ɓata wa 'yan Tea Party rai, kuma a zaɓen Nuwamba 2010 jam'iyyar Republican ta ƙara kujera 63 a Majalisar Wakilai. A Yuni 2012 Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 da 4, ta bar tarar a raye bisa hujjar cewa haraji ce. A ƙarshen 2017 aka mayar da ita sifili, kuma ta cikin dokar haraji aka yi hakan. Duk da haka marasa inshora sun ragu daga kimanin kashi 16 a 2010 zuwa kimanin kashi 8 a 2023.

Akwai sashe ɗaya na dokar 2010 da ya yi ƙoƙarin taɓa tsohuwar yafewar nan. An tsara harajin kashi 40 a kan abin da ya haura dala 10,200 na inshorar mutum ɗaya, ko dala 27,500 ta iyali, daga 2018. Masu kamfanoni suka ƙi, ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙi, domin ma'aikata da yawa sun haƙura da ƙarin albashi na shekaru don su samu inshora mai kyau. Aka ɗage zuwa 2020, aka sake ɗagewa zuwa 2022. A Yuli 2019 Majalisar Wakilai ta zaɓi soke shi da ƙuri'a 419 da 6, aka kammala sokewar a Disamba, ba a taɓa karɓar ko dala ɗaya ba. Tallafin da aka rufe gwamnati a kansa a 2025, an ƙiyasta cewa dawwamar da shi zai ci kimanin dala biliyan 350 a shekara goma. Yafewar da ta samo asali daga 1943 tana cin kusan dala biliyan 300 a shekara guda.